Musayar mota da ciko: da wane ma'auni dillalai suke yanke wa motarka kuɗi?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya san harkar motoci ya warware mini wani abu da ya tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Ina da Corolla ƙirar 2012, shekara shida ke nan tana hannuna, ban taɓa hatsari da ita ba in ban da gogar da aka yi mini a ƙofar baya. Yara sun girma ta yi mana kaɗan, shi ne na ce bari in ba da ita in yi ciko in karɓi RAV4 ta hannu. Na je wurin dillalai biyu. Don lissafi ya yi sauƙi, mu ɗauka irin motata da na tarar a filin na farkon sun rubuta mata 100. To ni 72 ya yi wa tawa tayi. Launinsu ɗaya, shekararsu ɗaya, kuma wallahi kujeruna sun fi nata tsafta. Na biyun ko kewaya ta bai gama yi ba ya ce zai karɓa a 85. Na kusa sa hannu, maigidana ya ce in dakata mu yi tambaya. Shin na farkon cuta ta ya so yi? Kuma da wane ma'auni suke wannan kimar?

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Amsar a fili take, cuta ce. Ya saya 72 ya sayar 100, me ya rage a faɗa? Ki koma wurin na biyun tun bai canza magana ba.

Alhaji Tsohon Dillali:
Hajiya, kafin ki koma ko'ina ki amsa mini abu ɗaya. RAV4 ɗin da kike so, nawa na farkon ya ce, nawa na biyun ya ce? Ki auna da wannan ma'aunin naki na 100.

Maman Ilham:
Alhaji, na duba takardun da suka rubuta mini. Na farkon 190, na biyun 208. Duk shekara ɗaya ne, tafiyar da suka yi ma kusan ɗaya ce.

Alhaji Tsohon Dillali:
To ki cire. Wurin na farko 190 a debe 72, cikonki 118. Wurin na biyu 208 a debe 85, cikonki 123. Wanda ya faranta miki rai da 85 shi ne zai fi karɓar kuɗi daga hannunki. Na shekara goma sha tara ina wannan sana'a kafin in bar wa yara, kuma wannan dabara na san ta ciki da bai. Dillali yana lura da abin da mai saye ya fi ɗora wa ido. Idan ya ga zuciyarki tana kan tsohuwar motarki, sai ya ɗaga mata kuɗi ya mayar da abinsa a kan wadda zai sayar miki. Idan ya ga idonki yana kan farashin sabuwar, sai ya sauke ta ya danne taki. A littafinsa na ciki kuwa motarki tana da kima ɗaya tak da ba ta motsi, wato abin da ya tabbata zai iya mayar da ita kuɗi a kai. Sauran lambobin na fatar baki ne. A musaya lambar da ke fita daga aljihunki ita ce ciko, ita za ki riƙa tambaya.

Abban Sadiq:
Na yarda na yi gaggawa a kan na biyun, Alhaji. Amma har yanzu ba ka taɓo 28 ɗin da ke tsakanin 72 da 100 ba. Aljihun wa za su shiga?

Alhaji Tsohon Dillali:
Yanzu zan zo kai, Abban Sadiq. Dillali daga ƙarshe yake fara lissafi ya dawo baya. Ba ya tambayar nawa Hajiya ta saye ta ko nawa ta kashe mata. Tambayarsa ita ce, idan na ajiye ta a fili, nawa za a sallama mini ita a zahiri? Wannan 100 da aka rubuta a gilas kuɗin buɗe ciniki ne. Babu mai saye da zai zo ya ƙirga 100 ya tafi, sai an ja an ja, wataƙila a tsaya a 94. Daga nan sai ya fara debewa. Zan ba da misali ne kawai, domin kowace mota da nata lissafin. Taya biyu, birki, fentin ƙofar da aka goga, juyen mai, wanki na ciki da waje, ka ce 7. Hayar fili, albashin yara, talla, takardu da la'adar wanda ya kawo mai saye, ka ce 4. Sai abin da ake warewa saboda ɓoyayyen aibi, domin a mota goma da ka karɓa da wuya a rasa wadda giyarta za ta tashi bayan kwana kaɗan, ka ce 3. Sai ribarsa, ka ce 8. A debe waɗannan daga 94, me ya rage? 72.

Ban ce 8 ɗin nan ba za ta taɓu ba. A nan ne ma ciniki yake. Amma wanda ya ce duk 28 riba ce bai taɓa ajiye mota ta yi masa wata uku a fili ba.

Auta:
Baba Alhaji, mota ai ba ta ruɓewa. In ta yi wata uku me ya ragu a jikinta?

Alhaji Tsohon Dillali:
Yarona, kwantai shi ne ciwon da ke kashe dillali. Yawancin manyan filaye da bashin banki suke cika wurinsu da motoci, kullum garin Allah ya waye kuɗin ruwa yana hawa kan kowace ɗaya. Ko da jarinka ne na kanka, kuɗin da ke kwance a mota guda da ka juya shi sau biyu ko uku a wannan lokacin. Ga batir yana mutuwa, rana tana cin fenti, shekara tana shirin juyawa motar ta ƙara tsufa a takarda. Shi ya sa filaye da yawa suke da ƙa'ida: in mota ta kai kwana 60 ko 90 ba ta fita ba, a karya mata farashi ko a kai ta gwanjo ko da faɗuwa za a yi. Kuma tun ranar karɓa ake wannan tunanin. Motar da aka san tana fita cikin mako biyu, dillali zai haƙura da ƙaramar riba ya ba ka kuɗi mai kyau. Wadda masu nemanta kaɗan ne, ko kayan gyaranta suna da wuyar samu, ko tana shan mai da yawa a lokacin tsadar mai, zai danne ta ko da tana walƙiya. Corolla tana cikin masu saurin fita, Hajiya, wannan makami ne a hannunki.

Yaya Hauwa:
Bari in ƙara da yadda abin yake a Amurka, tunda a nan nake zaune. A nan kafin mai kima ya fito ya duba motarka ya riga ya sa lambar shasinta a kwamfuta. Tun 1981 lambar nan guda 17 ce ta haruffa da alƙaluma, kuma da ita ake fito da tarihin mota daga kamfanoni irin su Carfax: hatsarin da aka kai rahotonsa, yawan waɗanda suka mallake ta, da tafiyar da aka rubuta mata a lokuta daban-daban. Sai ya duba nawa irinta ta faɗi a gwanjon dillalai a 'yan makonnin nan. Mafi girma shi ne Manheim, wanda ya fara tun 1945 a jihar Fensilbeniya. Wannan kuɗin gwanjon shi ne ƙashin bayan tayinsa, saboda dalili mai sauƙi: in zai iya samun irin motarki a can a kan 70, me zai sa ya ba ki 85? Kuma in taki ta ƙi fita, can zai kai ta.

Mu masu saye kuma Kelley Blue Book muke dubawa, littafin kimar motoci wanda aka fara bugawa a 1926. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne mota ɗaya tana da kima fiye da ɗaya a ciki: ta musaya, ta sayar wa mutum kai tsaye, da ta filin dillali. Sai mutum ya ɗauki ta filin dillali ya riƙe a ka, ya je a yi masa tayin ta musaya, ransa ya ɓaci. Ga kuma zaɓen yanayin mota, kowa yana sa tasa a aji na ɗaya, alhali su da kansu sun ce kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa wannan matsayi.

Maman Ilham:
Yaya Hauwa, da ni ce ma aji na ɗaya zan sa tawa, kuma har zuciyata haka na ɗauke ta. Amma abin da ya fi ɓata mini rai wurin na farkon shi ne yadda mutumin ya yi. Bai ce uffan ba. Ya dinga kewayawa a hankali, duk inda ya ga ɗan tabo sai ya ɗora yatsa ya ɗan tsaya, ya kalle ni, ya wuce. Ya durƙusa gaban taya ya sa farce a zanenta ya girgiza kai. Kafin ya gama ni da kaina na fara ba shi haƙuri a kan motata.

Alhaji Tsohon Dillali:
Koya musu ake yi, Hajiya. In ya yi magana za ki yi masa musu, in ya yi shiru ya nuna da yatsa ke da kanki za ki sauke kuɗin a zuciyarki tun bai furta lamba ba. Ban taɓa son wannan ɗabi'a ba, amma ba zan ce babu ita ba.

Malam Sule Bakanike:
Ni ake kira in duba wa dillalai mota kafin su karɓa, bari in gaya muku abin da nake nema, domin ba duk kewayen nan ne wasa da hankali ba.

Da farko ina son in same ta a sanyaye. In na taɓa bonet na ji ɗumi alhali an ce tun safe take ajiye, sai in sa alamar tambaya, domin ƙarar inji da hayaƙi a tashin farko suke fitowa, in ya yi zafi su ɓuya. Ina buɗe murfin baƙin mai in duba ƙarƙashinsa, in na ga wani abu fari-fari kamar madara sai in bincika ko ruwa yana haɗuwa da mai. Ina da 'yar na'ura ta auna kaurin fenti. Fentin kamfani yawanci tsakanin maikiron 100 ne da 200 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). In ƙofa uku suka nuna 120, ta huɗu ta nuna 700, an cike wurin an sake fesawa, ko mai motar ya rantse. Ina duba notocin da suka riƙe fenda da ƙofofi, in sifana ta taɓa su fentin kansu yana ɓantarewa. Ina jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, domin motar da ambaliya ta ci ana wanke ko'ina a manta da nan, sai ka ga layin laka. A jikin taya akwai alƙaluma huɗu, in ka ga 2319 to mako na 23 na shekarar 2019 aka yi ta, ko zanenta da saura ta tsufa.

Sai kwamfuta. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun 1996 duk suna da wurin jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, Turai ma suka bi baya. Wasu sukan sa na'ura su goge fitilar inji, wato wadda ke kamawa a gaban direba in inji yana da matsala, a hanya kafin su iso. Abin da ba su sani ba shi ne motar tana nuna cewa gwaje-gwajenta na ciki ba su kammala ba tun bayan gogewar. Da na ga haka nakan ce wa dillali ya rage, domin ban san me aka ɓoye ba.

Batun mita kuma, ba na yarda da lambar ita kaɗai. Robar birki da ta totur, santsin sitiyari, lotsawar gefen kujerar direba, su ma suna ba da shaida. Mota ta ce kilomita 60,000 ta yi amma robar birkinta ta cinye har ƙarfe ya fito, ai magana ta ƙare.

Auta:
Malam Sule, to in mutum ya gyara komai kafin ya kai fa? Ba zai fi samun kuɗi ba?

Malam Sule Bakanike:
Ƙananan abubuwa dai. Wanki mai kyau, ƙwan fitila da ya mutu, cire tarkace daga but, kawo makulli na biyu. Makullin nan kada ku raina shi, na motocin zamani yana da tsada kuma ana debe kuɗinsa. Amma babban gyara kamar fenti ko taya huɗu sababbi, kai a kuɗin kasuwa za ka yi, shi kuwa yana da mai yi masa a kuɗin sari. Ka kashe 6 ya ƙara maka 3. Abin da ya fi duk waɗannan shi ne rasit na juyen mai da gyare-gyare. In na ga takardu a jere da kwanan wata da lambar mita, rabin shakkata ta tafi.

Malam Mai Lissafi:
Wannan kalma ta shakka da Malam Sule ya faɗa ita ce zuciyar maganar. Wani masanin tattalin arziki, George Akerlof, ya yi rubutu a kan kasuwar motocin hannu a 1970, kuma yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Bayaninsa shi ne mai mota ya san halin motarsa, mai saye bai sani ba. Tunda mai saye ba zai iya bambance ta ƙwarai da mai ciwo ba, sai ya yi tayin tsaka-tsaki. Mai ta ƙwarai ya ga an raina masa, ya fasa sayarwa. Masu ciwo su yi yawa a kasuwa, tayin ya ƙara sauka. Wato Maman Ilham tana biyan wani ɓangare na laifin wanda ya goge fitilar inji a hanya. Wannan 3 ɗin da Alhaji ya ware, kuɗin rashin yarda ne, kuma duk takardar da ta rage shakka tana rage shi.

Abban Sadiq:
Malam, bayanin ya yi kyau amma ɓangare ɗaya ya kalla. Mai mota ya fi sanin motarsa, na yarda. To wa ya fi sanin kasuwa? Dillali yana ganin kuɗin gwanjo kullum, ya san wace ce ake nema, wani lokaci ma yana da mai saye a hannu yana jira. Ni sau ɗaya nake sayar da mota a shekara biyar ko shida, shi kullum. Kuma abin da ya faru da ni ba labari aka ba ni ba. Na ba da Accord ɗina, aka debe mini kuɗi masu yawa wai za a canza taya huɗu a gyara na'urar sanyi. Bayan kwana tara na bi ta wurin na gan ta a sahun gaba. Na tsaya na duba. Tayoyina ne a jiki, har da facin da na yi da hannuna, an dai shafa musu wani baƙin abu mai sheƙi. An cire mini kuɗin gyara, ba a yi gyaran ba, kuma wanda zai saya za a ce masa an duba komai. Mutum biyu aka ci a mota ɗaya. Wannan a wane layi na lissafin Alhaji yake?

Alhaji Tsohon Dillali:
Ba ya cikin kowane layi, Abban Sadiq. Wannan ha'inci ne, kuma ba zan kare shi ba. Na san masu yi, na kuma ga yadda irinsu suke ƙarewa, domin wanda ka cuta ba ya dawowa kuma ba ya yin shiru. Abin da zan ce wa mai musaya shi ne, duk abin da aka ce za a debe, a rubuta shi ɗaya bayan ɗaya da kuɗinsa. Wanda ya ce "gyara 10" a dunƙule, ka ce ya warware maka. Da yawa daga nan za ka ga 10 ta koma 6, domin abin da ba shi da suna ba ya rubutuwa.

Malam Mai Lissafi:
Na karɓi gyaranka, Abban Sadiq, rashin sani ta fuska biyu yake. Sai dai na kasuwar yanzu ya fi sauƙin magani, tunda tallan motoci yana intanet kowa yana gani. Mutum ya nemo irin motarsa guda goma, shekara ɗaya, tafiya kusan ɗaya, ya ga inda farashinsu ya taru, ya tuna cewa kuɗin tambaya ne ba na sallamawa ba.

Ga wani abu kuma game da mita. Wasu masana uku sun yi nazarin cinikin motoci sama da miliyan 22 a gwanjon Amurka, suka buga sakamakon a 2012. Sun gano farashi yana yin tsalle ƙasa a duk lokacin da mita ta haye mil dubu goma cif. Motar da ke 79,900 tana fin wadda ke 80,100 kuɗi fiye da yadda mil 200 ya cancanta, saboda ido lambar farko yake kamawa. Dillalai ba su jahilci haka ba, sun san mai saye na ƙarshe haka zai yi. Dalilin da ya sa suke rubuta farashi ya ƙare da 995 ko 999 ke nan, ga shi kuma yana sa motar ta faɗo cikin binciken wanda ya sa iyaka a lamba cif.

Maman Ilham:
Malam, tawa tana kilomita 197,000 da 'yan kai. Ke nan kada in bari ta haye 200,000?

Malam Mai Lissafi:
In dai kin riga kin yanke shawarar rabuwa da ita, gara kafin nan, Hajiya.

Baba Direba:
Ni tambayata ga Alhaji. Me ya sa farashin ba ya zama wuri ɗaya? Shekarun baya na ga motar hannu ta ƙara kuɗi maimakon ta ragu, abin da ban taɓa gani ba tun ina yaron mota.

Yaya Hauwa:
Baba, 2021 kake nufi. Bayan korona an yi ƙarancin 'yan ƙananan kwakwalwar lantarki da ake sa wa motoci, kamfanoni suka rage ƙira, masu neman sabuwa suka rasa suka afka wa na hannu. A nan har dillalai suna kiran mutane a waya suna roƙon su sayar musu da motocinsu. Daga 2022 abin ya fara sauka, waɗanda suka cika fili a kuɗin sama suka sha faɗuwa. Irin haka ta faru da motocin lantarki. A Janairun 2023 Tesla ta zabge farashin sababbinta, nan take na hannu suka faɗi, domin ba mai sayen tsohuwa a kuɗin da ya kusa na sabuwa. A Janairun 2024 kamfanin haya na Hertz ya ce zai sayar da motocin lantarki kusan 20,000 daga cikin nasa. Dillalin da ya ga irin wannan, in ka kawo masa mota mai lantarki dole hannunsa ya yi sanyi.

Auta:
Ni tawa da sauran bashin banki a kanta. Wani dillali ya ce kada in damu, su za su biya.

Alhaji Tsohon Dillali:
Ka damu, yarona. Za su biya bankin, gaskiya ne, amma da kuɗinka. In bashin da ya rage 60 ne, motar kuma aka yi mata kima 50, wannan 10 ɗin ba ta ɓace ba, za a ɗora ta a kan sabon bashinka, ka riƙa biyan kuɗin ruwa a kan motar da ba ta hannunka. Kuma ka kula da tambayar "nawa za ka iya biya a wata?" Da ka amsa, sai a ja shekarun biya su yi tsawo har kuɗin wata ya zo daidai bakinka, jimillar kuwa ta haura. Abu huɗu suke juyawa: kuɗin motar da za ka saya, kimar taka, abin da za ka ba da a hannu, da biyan wata. Ka matsa ɗaya, su saki, su kama a wani. Ka sa a gama kowanne shi kaɗai, a rubuta, kafin a shiga na gaba. In kuma za ka iya haƙuri har bashin ya sauko ƙasa da kimar motar, ya fi maka.

Abban Sadiq:
To in haka ne me zai sa mutum ya yi musaya tun farko? Ya sayar da abarsa da kansa ya riƙe 28 ɗin.

Yaya Hauwa:
Ba duka zai riƙe ba, domin mai saye daga hannun mutum ba ya biyan kuɗin fili, ya san ba inda zai koma in matsala ta fito. Amma zai fi musaya samu, wannan haka yake. Sai dai ka lissafa kiran waya, masu zuwa gwaji su ƙona maka mai su tafi, haɗarin baƙon da ba ka sani ba, da zaman da za ka yi ba mota ko da mota biyu. A jihohi da yawa na Amurka kuma harajin saye a kan ciko kawai ake ɗora shi in musaya ka yi, wannan yana rage tazarar. Akwai hanya ta uku: CarMax, kamfanin cinikin motocin hannu wanda ya fara a 1993, yana yi wa mota tayi a rubuce ko ba za ka sayi komai a wurinsu ba, tayin ya yi kwana bakwai. Mutane da yawa suna karɓar takardar ne kawai su tafi da ita wurin wani dillalin.

Alhaji Tsohon Dillali:
Wannan dabarar tana aiki ko'ina, ko babu irin wannan kamfani. Hajiya, ki je wurin dillali na uku da ba ki taɓa yi wa maganar RAV4 ba, ki ce sayarwa kawai za ki yi, kuɗi a hannu. Abin da ya ce shi ne kimar motarki ta gaskiya a wurin 'yan kasuwa, tunda ba shi da inda zai ɓoye komai. Kuma kada ki fara faɗin lamba in ya tambaye ki nawa kike so, ki ce shi ne mai saye, ya taya.

Maman Ilham:
Na dawo, 'yan'uwa. Jiya na kai ta wanki, na tattaro rasit ɗin juyen mai na shekara huɗu da na samu a durowa, da makulli na biyu. Na je wurare biyu a kan sayarwa kawai, ɗaya ya ce 74, ɗaya 76 kuma ya rubuta mini. Na koma wurin na farkon da takardar. Na ce ya warware mini kuɗin gyaran da ya debe, sai ga shi ya sa taya huɗu alhali biyu na canza su bara, na nuna masa lambar makon a jikinsu kamar yadda Malam Sule ya ce. Ya koma 77, RAV4 ɗin kuma ya sauko 185. Ciko ya zama 108 maimakon 118. Ban sa hannu ba tukuna. Wani abokin aikin maigidana ya taya Corollar 86 amma yana so a jira shi ƙarshen wata, ni kuma ban san ko RAV4 ɗin za ta jira ba.

Malam Sule Bakanike:
Kafin ki zaɓi ko wanne, Hajiya, ita RAV4 ɗin wa ya duba miki? Duk abin da aka yi wa taki, ki sa a yi wa tasu. Ki zo da bakanikenki da sassafe tun ba a tayar da ita ba, a ɗaga ta a duba ƙasa, a jona mata kwamfuta, a ja bel ɗin har ƙarshe.

Alhaji Tsohon Dillali:
Ki kuma tambaye su ranar da ta shigo fili, ki nemi ganin takardar shigowar. In ta haura wata biyu, za ta jira ki ƙarshen wata, kuma 185 ɗin ma da sauran magana a kanta.